Nasiha ga Matasan Manoma Game da Sayen Injin Naɗe Ciyawa na Hannu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya damina lokacin yalwa, ya sanya rani lokacin jarrabawa, ya kuma ba ɗan Adam hankalin da zai ɗebi rarar wancan ya yi guzurin wannan. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, wanda ya yi kiwo a ƙuruciyarsa, ya yi fatauci a samartakarsa, har mutanen garinsu suka yi masa laƙabi da amana tun kafin a aiko shi.

Bayan haka, ya ku 'ya'yana matasa waɗanda Allah ya juyo da zukatanku zuwa ga noma da kiwo, a cikin 'yan shekarun nan ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba, daga cikinku suka zo mini da waya a hannu, suna nuna mini hoton wani inji da tarakta ke ja, yana bin yankakkiyar ciyawa yana haɗiyewa, can sai ya ɗaga bayansa ya ajiye ta a naɗe kamar tabarma, kowannensu yana cewa ya ga na hannu a farashin da aljihunsa zai iya ɗauka, ko mene ne ra'ayina. Da yake amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, kuma abin da aka faɗa wa mutum ɗaya yana iya amfanin goma, sai na ga ya kyautu in zauna in rubuta ta a tsanake, domin kuɗin da yawancinku za ku sa a wannan ciniki gumin shekaru ne, ko gadon mahaifi, ko sadaukarwar uwa da ta sayar da tumakinta, kuma irin wannan dukiya ba ta cancanci a yi wasa da ita ba.

Sha'awarku tana da hujja, ba na musun wannan. Duk wanda ya taɓa ganin saniya a watan Afrilu, haƙarƙarinta a fili, tana lasar ƙasa a gindin kuka, alhali watanni shida da suka wuce ciyawa ta kai ƙirjin mutum a wannan wuri, kuma ya ga hayaƙin bambaron shinkafa yana tashi a fadamu bayan girbi, ya san cewa ciwonmu na rashin ajiya ne. Ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta isa darasi a kan taskace abincin shekarun yalwa saboda shekarun fari, kuma abin da ya tabbata ga hatsin mutane ya tabbata ga abincin dabbobinsu. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke ɗora harawa a kan rumfa da rassan bishiya, suke jingine kara, suke yankan ingirici da lauje. Abin da inji ya ƙara shi ne sauri da matsi, watau mutum ɗaya ya tattara a yini guda abin da ƙarti da yawa za su yi kwanaki suna ɗaurewa.

Wannan kuwa shi ne dalilin ƙirƙirarsa tun asali. Kamfanin Allis-Chalmers na Amurka ya fitar da injin da ke yin ƙananan naɗi a 1947, amma babban naɗin da kuke gani a hotuna ya yaɗu ne bayan Gary Vermeer, wani manomi kuma maƙeri a garin Pella na jihar Iowa, ya ƙera nasa a 1971, a ƙasar da hannun aiki ke da tsada, gonaki ke shimfiɗe babu kunya, kuma kowane manomi ke da tarakta a ƙofar gida. Daga baya Jamusawa suka fito da nasu salon, kamar Rollant na kamfanin Claas a 1976. Na kawo wannan tarihi ne domin ku lura cewa kowane inji ɗan ƙasarsu ne, an auna shi da gonarsu da ciyawarsu da makanikansu, saboda haka wajibi ne wanda zai kawo shi ƙasarmu ya fara auna tasa gonar kafin ya auna injin.

Farkon abin da nake so ka yi, ya kai ɗana, shi ne ka ɗauki alƙalami da takarda ka lissafa bukatarka. Masana kiwo suna ƙiyasta cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana cin kimanin kilo 6 da ɗan ɗoriya na busasshen abinci a yini, wanda a watanni shida na rani ya haura kilo 1,100. Naɗi guda na matsakaicin inji, mai tsayin mita 1.2 da faɗin mita 1.2, yakan kai kilo 200 zuwa 250 in busasshiyar ciyawa ce aka matse da kyau. Ka ga ke nan saniya ɗaya naɗi biyar ko shida za su fitar da ita rani, mai shanu ashirin kuma ɗari da 'yan kai sun ishe shi, wanda lafiyayyen inji a shimfiɗaɗɗiyar gona zai gama cikin kwana biyu ko uku. To, sauran kwanakin shekara fa? Idan ba ka da maƙwabta da za su biya ka ka naɗe musu, ba ka da kasuwar da za ka kai ingirici, ba ka kusa da manoman shinkafa irin na Kura da Kadawa ko fadamar Haɗeja ko Kebbi, inda bambaro ke jibge, to ka sani ƙarfe za ka saya ka ajiye wa tsatsa, kuma haya ta fi maka maslaha. Idan kuwa lissafi ya nuna akwai aikin da zai ciyar da injin ya ciyar da kai, sai mu ci gaba.

Na biyu, wannan inji ba ya aiki shi kaɗai, domin ba ya yanka, ba ya tarawa, ba ya ɗauka. Sai an yanke ciyawa, an bar ta ta sha iska, an tara ta jeri-jeri da manjagarar inji ko ta hannu, sa'an nan ya zo ya naɗe. Bayan ya naɗe kuma ga dunƙule mai nauyin buhun masara biyu da ƙari a tsakiyar gona, wanda sai da cokalin tarakta ko ƙarti huɗu da katako za a ɗora shi a mota. Taraktar kanta tana da sharuɗɗa. Shaf ɗin da ke bayanta, wanda ke ba injin ƙarfi, iri biyu ne: mai juyi 540 a minti, wanda yawanci ke da tsaga 6, da mai juyi 1,000, wanda ke da tsaga 21, kuma dole na injin ya dace da na taraktar. Dole kuma ta kasance da bakin haidirolik da za a jona tiyo domin ɗaga ƙofar baya. Tarakta irin Massey Ferguson 375, wadda ta yawaita a ƙasarmu, mai ƙarfin doki kimanin 75, ta isa ta ja matsakaicin inji, amma manyan injunan Amurka masu naɗin rabin tan za su galabaitar da ita. Wanda kuma ba shi da tarakta tasa, ya tuna cewa lokacin naɗi lokacin kaka ne, sa'ad da kowa ke nemanta.

Sa'an nan ka dubi ƙasar gonarka da idon basira. Yatsun ƙarfen da ke tsintar ciyawa a gaban injin suna tafiya ne dab da ƙasa, alhali mu mutanen kunya ne, gonakinmu kuma ba su rasa kututture da suri da dutse da tsohuwar leda. Kunya ɗaya da aka hau a karkace tana iya lanƙwasa yatsu goma. Ka dubi kuma abin da za ka ba shi ya ci. Ciyawar da aka shuka domin kiwo, irin gamba da sauran waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta daɗe tana nazari a kansu, tana naɗuwa da kyau in an yanke ta kafin ta tsufa ta yi kara. Bambaron shinkafa da injin girbi ya zubar a jere ya dace, sai dai yana da kaushi irin na yashi wanda ke cin ƙarfe da sauri. Harawar gyaɗa da ta wake kuwa albarkarsu a ganye take, kuma in an naɗe su da tsakar rana a hunturu ganyen zai ruɓushe ya zube, a bar ka da sanduna. Sai da sassafe, da sauran raɓa. Karan dawa da na gero sun yi kauri, sai an daddatsa su tukuna.

Injunan nan gida biyu ne. Akwai mai tsayayyen ciki, wanda gangunan ƙarfe, waɗanda makanikai ke ce wa rola, ko kuma sarƙa da sanduna, suka kewaye cikinsa. Naɗinsa girma ɗaya ne kullum, tsakiyarsa da sauƙi-sauƙi, bayansa a matse. Akwai kuma mai bel, wanda cikinsa ke buɗewa yayin da naɗin ke girma. Wannan yana matsewa tun daga cibiya, kuma mai shi na iya zaɓen girman da yake so. Mai bel ya fi cusa ciyawa a naɗi guda, amma bel ɗinsa roba ce wadda rana da ƙaya da tsufa ke kashewa, kuma sauya su gaba ɗaya kuɗi ne masu nauyi. Mai rola ya fi sauƙin fahimta ga makanikin garinku, domin boris ne da sarƙa da faranti mai haƙora, abubuwan da ya saba da su. Ga mai ƙaramin ƙarfi a wurin da kayan gyara ke nesa, ni mai rola na fi natsuwa da shi. Kada kuma ka raina ƙananan injunan da ake ƙerawa a Japan da Sin da Indiya, waɗanda ke yin naɗin kilo 20 ko kusa da haka da ƙaramar tarakta, domin naɗin da yaro zai ɗauka a ka, a ɗora a amalanke ko bayan babur, a sayar wa mai turken rago ɗaya, ya fi dacewa da kasuwarmu ta yau fiye da wanda sai attajiri ke iya ɗagawa.

Haka nan ɗauri iri biyu ne, igiya da raga. Raga ta fi sauri, domin juyi biyu ko uku sun isa, kuma ta fi kare naɗi daga ruwa, amma daga waje ake kawo ta, kuma ranar da ta ƙare a hannunka aiki ya tsaya. Igiya tana ɗaukar lokaci, amma tana da araha, kuma sassan da ke sarrafa ta 'yan kaɗan ne. Ko wacce ka yi amfani da ita, ka kwance ta ka tattara kafin ka ba dabbobi, domin roba in ta shiga tumbin saniya ba ta narkewa. Idan injin na da akwatin lantarki da ake ɗaurawa a tarakta domin sarrafa ɗauri, ka tabbata an ba ka shi tare da wayoyinsa, kuma ka ga yana aiki, domin sau da yawa akan raba inji da akwatinsa a hanya, kuma ba tare da shi ba abin ya zama gawa. Gwargwadon ƙarancin lantarki a jikin inji, gwargwadon kwanciyar hankalin talaka.

Yanzu na iso ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, wanda in kun manta da sauran ina roƙonku ku riƙe shi. Mai sayen sabon inji aikin maƙera yake saya, amma mai sayen na hannu halin mutumin da ya riƙe shi yake saya: kulawarsa ko sakacinsa, haƙurinsa ko garajensa, duk suna rubuce a jikin ƙarfen ga wanda ya iya karatu. Wata shekara na raka ɗan ƙanena wani fili a bayan gari inda wani dillali ya jera injunan noma da aka sauke daga kwantena, muka tafi da wani dattijon makaniki da ya tsufa a gyaran tarakta. Injin naɗi biyu muka tarar. Ɗaya an fesa masa fenti yana ɗaukar ido, har tayoyinsa an shafa musu baƙi, ɗayan kuma rana ta cinye launinsa, jikinsa duk maiƙo. Yaron ya nufi mai ƙyallin yana cewa, "Baffa, wannan ai da kaɗan sabo ya fi shi." Dattijon bai tanka ba, sai ya shimfiɗa buhu, ya kwanta, ya shige ƙarƙashi da tocila. Can ya ce, "Zo nan, ɗana, kawo yatsanka." Ya ɗora yatsan yaron a kan ɗan bakin da ake ɗura giris, ga shi a bushe ƙamas, fenti ya toshe shi, na kusa da shi kuma zanzaro ya yi gini a kai. Ya kama wata rola da hannu biyu ya jijjiga, muka ji tana ƙwas-ƙwas a mazauninta. Ya kankare fentin da ke kusa da maratayin ƙofar baya da sifana, sai ga tabon walda danƙare a kan tsaga. Da ya koma kan ɗayan, sai ya tarar da baƙin giris ya tsattsafo a kewayen kowane boris, sarƙoƙi da danshin mai, cikin akwatin kayan aiki kuma ga littafin injin ya sha hannu, an yi masa rubuce-rubucen kwanan wata da biro. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya ce da ni, "Malam, mai wannan ya so abinsa." Wannan na biyun yaron ya saya bayan an gwada, ya sauya boris biyu da sarƙa ɗaya, ya shiga aiki.

Saboda haka kada ka je ciniki kai kaɗai, kada ka je da yamma, kada kuma ka je da farar riga da za ta hana ka durƙusawa. Ka fara daga gaba: ka ƙirga yatsun tsinta da suka karye ko suka lanƙwashe, ka juya su da hannu ka ji ko suna tafiya sumul ko suna sarƙewa, domin yatsa ɗaya abu ne mai araha, amma hanyar da ke juya su in ta cinye gyaranta babba ne. Ka ja kowace sarƙa daga jikin farantinta. In ta taso har ka ga haske a ƙarƙashinta, ta miƙe, in kuma haƙoran farantin sun yi tsini sun karkata kamar ƙugiya, su ma sun tafi, kuma sabuwar sarƙa a kan cinyayyen faranti ba ta daɗewa. Ka duba kowace rola ko ta loɓa ko ta tsage. In mai bel ne, ka bi kowane bel da tafin hannu ka nemi tsaga da zaizayar gefe, ka duba mahaɗinsa, ka kuma lura ko wani ya fi wani saki, domin bel da ba su daidaita ba naɗi mai ƙusumbi suke haifarwa. Ka buɗe giyabos ka ɗiba mansa a yatsa. In ya yi fari kamar nono ruwa ya shiga, in ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe haƙora ne ke cin juna.

Ka sa a ɗaga ƙofar baya a bar ta a sama na ɗan lokaci, ka gani ko za ta riƙa saukowa da kanta, alamar haidirolik na yoyo ta ciki, sa'an nan a rufe ta ka ga ko ɓangarorin biyu sun kama tare, domin ƙofar da ta karkace shaida ce cewa injin ya taɓa yin karo ko an cusa masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ka leƙa bangon ciki da ƙasansa ka ƙwanƙwasa. Yawancin injunan da ke zuwa daga Ingila da Ailan da Holan da Jamus ɗanyar ciyawa suka naɗa, wadda ake lulluɓewa da leda ta tsimu, kuma ita ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba, ruwanta kuma yana cin ƙarfe; saboda haka adadin naɗin da agogon injin ya nuna ba ya wadatarwa sai an san irin abin da ya naɗa. Ka nemi kuma wata ƙusa da maƙera suka yi ta da rauni da gangan, ko kulocin da ke zamewa, domin su karye ko su saki in injin ya haɗiyi dutse. In ka tarar an cire ta an cusa guntun rodi, ka sani duk bugun da ya kamata ta sha giyabos ne ya sha.

Bayan duk wannan, gani a tsaye bai isa hujja ba. Ka sa a jona shi da tarakta a bar shi yana juyawa kamar sulusin sa'a, kana sauraro, sa'an nan a kashe tarakta ɗungurum, ka bi mazaunin kowane boris da bayan hannunka a hankali. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi ya kusa mutuwa. Kada ka ɗauki wannan ƙaramin aibi, domin boris mai zafi a tsakiyar busasshiyar ciyawa da ƙura shi ne mafi yawan sanadin gobarar waɗannan injuna, kuma a iskar hunturu gobarar ba ta tsayawa a gonarka. Fentin da ya kumbura ya yi ƙuraje a wani sashe alama ce ta tsohuwar wuta. In da hali, ka ɗauki nauyin man gas a kai shi gona ya yi naɗi biyu ko uku a gabanka, ka ga yadda yake farawa da yadda yake ɗaurewa. Mai sayarwar da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Kafin ka biya, ka rubuta lambobin boris da na sarƙa da samfurin injin, ka tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ko kasuwar ƙarfen da ta fi kusa da kai, ka tambaya ko akwai, kuma nawa. Injunan Turai da awon milimita aka ƙera su, na Amurka da yawa da awon inci, wasu boris ɗin kuma raminsu mai kusurwa shida ne, ba a samunsu a kowane shago. Sunan da ya shahara, irin su Claas da Krone da New Holland da John Deere, ya fi sauƙin neman kayansa ko da daga waje ne, fiye da wanda kamfaninsa ya shuɗe. Lokacin naɗi makonni ne ƙididdigaggu, kuma injin da ya kwana arba'in yana jiran ƙaramin ƙarfe daga ƙetare ya ci shekararka.

Game da kuɗi kuwa, farashin da dillali ya faɗa farkon lissafi ne. Akwai dako, akwai kwastan in daga tashar Legas ko Kwatano zai fito, akwai gyaran farko wanda babu injin hannu da ke tsira daga gare shi, akwai igiya da giris da man gas da ladan direba. Shawarata ita ce ka ware aƙalla rubu'in abin da ke hannunka ka ɓoye shi daga idon ciniki, ka sayi injin da sauran za su iya saya. Ka nisanci bashin riba, domin ban da haramcinsa, ruwansa yana gudu rani da damina alhali injin wata biyu yake aiki. In ƙarfinka bai kai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ku haɗu ku uku ko huɗu, amma ku rubuta rabon kowa, da wanda zai riƙe, da wanda za a fara yi wa aiki, da yadda za a biya gyara, ku sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi ta sauka, kuma zumunci da yawa ya lalace saboda kunyar rubutu.

Malamanmu na Malikiyya, a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil, sun yi bayanin cewa ɓoye aibi haramun ne a kan mai sayarwa, cewa mai saye yana da zaɓin mayarwa in ya tarar da tsohon aibi da aka rufe masa, cewa ya halatta a gindaya sharaɗin zaɓi na wani lokaci domin gwaji, kuma cewa an hana cinikin garari, wanda mu muke kira cinikin biri a sama. Ku yi amfani da wannan rahama ta shari'a: ku nemi kwanakin gwaji, ku sa a rubuta aibin da aka bayyana da wanda aka yi alkawarin babu. Amma ku sani haƙƙin da ke kan mutumin da teku ta raba ku da shi yana da wuyar karɓa, don haka tura kuɗi a kan hoto kaɗai, ba tare da amintaccen wakili ya gani ya taɓa ba, wauta ce da hankali da shari'a suka haɗu a kan ƙinta. Ku yi shawara da masana, ku yi istihara, sa'an nan ku yi tawakkali.

Akwai kuma amanar rai, wadda ta fi ta dukiya. Shaf mai juyi 540 a minti yana juyawa sau 9 a daƙiƙa guda, kuma in ya kama gefen babbar riga ko rawani ba ya jiran salati. Ka tabbata murfinsa na nan, in babu ka saya kafin ranar farko. In ciyawa ta toshe bakin injin, kada kai ko yaronka ku tura ta da hannu ko ƙafa yana juyawa. A kashe tarakta, a zare makulli, a jira komai ya tsaya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin ɗagaggiyar ƙofa sai an kulle ta, kada a ajiye naɗi a gangare inda zai mirgina, kada a bar yara su bi bayan inji suna kallo, kuma a tafi gona da abin kashe wuta. Ciyawar ma sai ta bushe, danshinta ya sauko wajen kashi 15 cikin 100. Ka murɗa damƙi guda, in ya yi laushi ya bar sanyi a tafinka, ka ƙara mata rana, domin ɗanyen naɗi yana yin fumfuna, yana zafi daga ciki, wani lokaci har ya kama da wuta. Ka ɗora naɗinka a kan itace ko duwatsu saboda gara.

Daga ƙarshe, ya ku 'ya'yana, ranar da injin ya shigo hannunka, rubutun da ke jikinsa ya koma naka. Ka share shi bayan kowane aiki, ka ba kowane baki girisinsa, ka shafa wa sarƙoƙi mai, ka yi masa rumfa kafin ruwan farko, ka ajiye ɗan littafi kana rubuta abin da ka sauya da ranar da ka sauya. Wata rana, in Allah ya buɗa maka, za ka so wanda ya fi shi, kuma wani yaro zai zo ƙofarka da kuɗin tumakin mahaifiyarsa a ƙulle, da dattijon makaniki a bayansa. Ina fata a ranar ka kama hannunsa da kanka ka nuna masa inda aka taɓa walda da boris ɗin da ya kusa, ka miƙa masa littafin, dattijon kuma ya fito daga ƙarƙashi ya faɗa a kanka abin da aka faɗa a kan wancan baƙon manomi da ba mu taɓa gani ba. Allah ya sa albarka a gonakinku da garkunanku, ya tsare ku daga algus, naku da na waninku, ya fitar da dabbobinku rani lafiya. Amin.